Wai ɗalibi ne ya ƙirƙiro Arduino?

Ɗan bautar ƙasa: Salamu alaikum, iyayena malamai. Jiya a taro na ce a bar 'yan SS2 su haɗa kayan gwajin kimiyya da hannunsu maimakon mu zauna jiran kwalin kaya daga ma'aikatar ilimi, aka yi mini dariya. Ga hujjata. Arduino, ɗan allon lantarkin nan da ake koyon sarrafa fitila da ƙaramin inji mai juyawa da na'urar auna zafi da shi, ɗalibi ne ya ƙirƙiro shi.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, gyara zancen. Mutum biyar ne suka fito da Arduino a 2005 a garin Ivrea na Italiya, kuma jagoransu Massimo Banzi malami ne. Sunan ma na wata mashaya ce da suke haɗuwa a garin.

Ɗan bautar ƙasa: Yaya Injiniya, ka faro labarin daga tsakiya. A 2003 wani ɗan Kolombiya, Hernando Barragán, ya fara aikin digirinsa na biyu a makarantar da Banzi ke koyarwa a Ivrea. Ya haɗa allo da manhaja ya kira su Wiring, don masu zane da ba su san lantarki ba su iya amfani da su. Banzi na cikin masu duba aikin. A kan Wiring aka ɗora Arduino, aka sa masa ƙwaƙwalwar lantarki mai araha. A 2016 Barragán ya fito ya rubuta cewa ana ba da tarihin ana tsallake sunansa.

Injiniya: Wannan haka ne. Amma dubi inda yaron yake: ga ɗakin aiki, ga wuta dare da rana, ga malamai a kansa. Mu ko ƙarfen sodar kirki ba mu da shi.

Baba Hedimasta: Ku yara kuna ta jefo sunayen Turawa. Ni abin da idona ya gani zan faɗa. A 2007 aka raba wa 'yan firamare a Galadima, Abuja, ƙananan kwamfutoci kore da fari na shirin kowane yaro da tasa. Manyan masana na Amurka suka tsara ta, aka ce dala 100 ce, ta zo ta kusa ninka haka. Ranar da aka nuna samfurinta a Tunis a 2005 ma, hannun da ake murzawa ta yi caji ya ɓalle a hannun Kofi Annan. Yau ina suke? In na masana ya ƙare haka, na yaro ɗan shekara 16 fa?

Malamar Fiziks: Baba, ranka ya daɗe, ai misalinka ɗan bautar ƙasa ya taimaka. Wadda aka kawo daga nesa in ta lalace sai a kulle a sito. Bara ɗalibaina mata suka haɗa allon koyon lantarki da kwalin taliya, batirin tocila biyu, ƙwan fitila uku da wayar tsohuwar caja. Makunnin kuwa fil ɗin ɗankwali ne. Ƙwai suka ƙi kamawa. Wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ta lura fentin fil ɗin ne ya hana wuta wucewa, ta goga shi a siminti, nan take suka kama. Zango biyu ina zana wannan a allo bai shiga ba.

Baba Hedimasta: 'Yata, wa ya ce su kawo kwalin? Wa ya nuna musu inda waya za ta bi?

Malamar Fiziks: Ni ce, Baba.

Baba Hedimasta: To kin gani.

Injiniya: Kuma kwali ba zai nuna musu ƙwayar halitta ba. Akwai abin da dole a saya.

Ɗan bautar ƙasa: Madubin ganin ƙananan halittu ma akwai na takarda, Yaya. Foldscope, wanda Manu Prakash da ɗalibinsa Jim Cybulski suka fitar a jami'ar Stanford a 2014. Naɗe shi ake yi, yana ƙara girman abu sau 140, kayan haɗinsa ba su kai dala ɗaya ba.

Injiniya: Prakash da ɗalibinsa. Da bakinka ka faɗa. Kuma ƙwayar gilashin da ke ciki ba a Kasuwar Sabon Gari za ka same ta ba.

Ɗan bautar ƙasa: Ban ce a kori malamai ba. Cewa na yi a daina raina yaran.

Malamar Fiziks: Allon yana nan a kan kabad ɗina, mai shakka ya shigo aji ranar Alhamis bayan tara. Sai dai batiran sun mutu tuni.

Baba Hedimasta: Zan zo. Ɗan bautar ƙasa, tunda kai ka tayar da zancen, batir a alawus ɗinka.