Neman shawara: ina son gano tarihin aikin sojan kakana

Mai tambaya, Ƙauran Namoda:
Salamu alaikum jama'ar gida, dan Allah a taimaka min da shawara. Kakana na wajen uba tsohon soja ne, ya rasu tun ban yi wayo ba, abin da munka taso muna ji dai shi ne ya je yaƙin Bama, wato Burma a yaƙin duniya na biyu, kuma wai hafsa ne har sara mai ake yi. Abin da ke hannunmu hoto ne guda yana cikin kaki, da lambobin yabo uku a gwangwani, sai wata takarda da gara ta ci rabinta. Goggona kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa kuma ta manyanta. Ina son in san muƙaminsa da bataliyarsa da inda ya yi yaƙi don yarana su sani. Ta ina zan fara?

Wani malami, Gusau:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan kaka. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba, in dai yaƙin Bama ne to da wuya ya zama hafsa irin su laftanar ko kyaftin, don a lokacin Turawa ne ke riƙe da waɗannan muƙaman a rundunar RWAFF, wato sojan Ingila na Afirka ta Yamma. Sai a 1948 aka fara ba ɗan Najeriya hafsa, wato Louis Ugboma, sannan Wellington Bassey da Aguiyi Ironsi a 1949, shi kuma Zakariya Maimalari na nan Arewa sai 1953 ya fito daga Sandhurst, makarantar hafsoshi ta Ingila. Mafi girman abin da ɗan Najeriya ke kaiwa lokacin yaƙin shi ne samanja. Kuma kar ka raina wannan wallahi, samanja shi ke tsaye tsakanin Bature da sojoji, shi ke da fareti da horo, duk bariki tsoronsa ake ji, shi ya sa mutanen gida in ya dawo sai su ce ai hafsa ne. Duba hoton da kyau, in ka ga igiyoyi a damtse kofur ne ko saje, in tambari ne a ƙasan hannun riga to samanja ne.
Lambobin kuma duba ko akwai tauraro mai tsini shida da aka rubuta Burma Star, ƙyallensa ja a tsakiya. In akwai to zuwa yaƙin Bama ya tabbata. Amma galibi na yaƙin duniya na biyu ba a buga suna a jikinsu, kar ka wahalar da kanka nema.

Tsohon soja, Talatar Mafara:
Yaro duk wannan bayanin daidai ne amma ba lambar soja ba ka fara komai ba. Soja lambarsa ce sunansa. Nemi inda anka rubuta NA da lambobi a wannan takardar, ko littafin sallama ko katin fansho in yana cikin adakar goggonka. Fayil ɗin ƙananan sojoji Lokoja ake ajiye shi ofishin rekod na soja, na hafsoshi kuma sai hedikwata Abuja, ga hukumar fanshon soja ita ma can Abuja. Fara zuwa ofishin Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, su nuna maka yadda ake rubuta takardar nema. Ban yi maka alkawarin fayil mai shekara tamanin yana nan ba, amma a gwada.

Wata 'yar'uwa, Anka:
Ni kam goggo nake ji. Ka je gobe gobe ka ɗauki muryarta a waya, ka tambaye ta da wane suna anka rubuta shi, don da yawa ba da sunan uba suke shiga ba, sunan gari ake liƙa musu, ka ji wane Sakkwato wane Gusau alhali ɗan wani ƙauye ne can daban.

Wani ɗan'uwa, Tsafe:
Malam na Gusau ina ganin kar a yanke hukunci tukuna. Lokacin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 an sake kiran tsofaffin sojoji da yawa, kuma akwai saje da samanja da aka ɗaga suka zama hafsoshi saboda ƙarancin mutane. Ka tambaya ko ya koma.

Wani malami, Gusau:
Wannan gaskiya ne, in ya koma to maganar gida tana iya zama daidai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na duba, tauraron yana nan, kuma a ƙasan takardar ana ganin NA da lambobi huɗu sauran sun cinye. Zancen basasa sai na je wajen goggo ranar Juma'a.

Wani malami, Gusau:
Madalla, riƙe huɗun nan. In bataliya ta fito sauran mai sauƙi ne, runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, ta 82 ta bi ta Arakan, aka kama Myohaung a Janairun 1945, wasu bataliyoyin Najeriya uku kuma suna cikin Chindit, dakaru na musamman da ke kai hari a bayan sojojin Japan. Kundin yau da kullum na bataliyoyin yana gidan adana takardu na Ingila a Kew, ba kasafai yake ambaton sunan baƙaƙe ba amma zai nuna maka inda suke kowace rana. In kuma ka je gidan adana takardu na Kaduna kar ka ce Zamfara, jihar sai 1996 aka yi ta, fayilolin Lardin Sakkwato za ka nema.