Neman kalma: dutsen da ke bakin dajin farautar sarakunan Ingila

Hajara: Assalamu alaikum malamai. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan shiga ɗaukar shiri, kuma jimla ɗaya ta tsaya mini a wuya. Shirin a kan tsofaffin gidajen sarautar Ingila ne. Akwai dutsen da aka kafa tun zamanin da a bakin filin da Turawa ke kira park, wanda ke jikin castle. Dutsen kuma suna ce masa boundary stone. Na rubuta "dutsen iyakar wurin shaƙatawa", da na karanta a bayyane sai na ji kamar filin lilon yara nake nufi. A taimaka.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Dutsen iyaka ya zauna daram, kada ki taɓa shi. Filin ne matsalarki. A wancan zamani daji ne da sarki ko wani basarake ke killacewa don kiwon barewar Turai da farautarta. A tara tudun ƙasa a kewaye, a kafa shingen katako a kai, a haƙa rami ta ciki, yadda dabba za ta iya tsallakowa amma ta kasa fita. Sarki Henry na Ɗaya ya kewaye na Woodstock da katangar dutse mai tsawon mil 7 wajen shekarar 1110, har zakuna da raƙuma ya ajiye a ciki. Wajen 1300 an ƙiyasta irinsu sun kai 3,200 a Ingila. Ni gandu zan ce. Muna da gandun sarki, muna da gandun daji kamar Yankari.

Zainab: Malam, ka gafarce ni, da ka ce gandun sarki mai sauraro gero da dawa zai gani. Hurumi ya fi. Wuri ne da aka keɓe, aka hana kowa taɓawa, kuma aikin dutsen ke nan. Shinge na tsare dabba, dutse na gaya wa talaka cewa daga nan ƙasar mai gida ta fara, in an kama shi da nama sai hukunci. Dutsen iyakar hurumin farauta.

Baba Garba: Hurumi Balarabiya ce. Har yaushe za mu riƙa aro alhali harshe na iya haihuwa? Shekaru ina cewa a kira irin wannan dutse dakatau. Daga dakata. Kalma ɗaya, ta faɗi aikinsa, ta hau ma'aunin Jatau da Tsayau. 'Yata Hajara, ki sa ta a rediyo, cikin wata ɗaya ta bi gari.

Zainab: Baba, in mun kori hurumi don Larabci, sai mu haɗa da alama, da shaida, da lokaci. Me zai rage?

Baba Garba: Abin da kakanninmu suka bari zai rage. Ku 'yan boko kuna jin kunyar ƙirƙira, sai Bature ko Balarabe ya fara.

Issufu Damagaram: Baba, kakannin namu da gamba da aguwa da bini-da-zugu suke raba gona, shi ya sa ba su bar wa dutse suna na musamman ba. Mu nan masu auna fili da kalmar Faransanci suke kiran simintin da suke kafawa. Kuma ina da ƙorafi: kullum Hausar Kano ake aunawa da ita, mu da ke sauraro daga Damagaram da Maraɗi ba a tambayarmu.

Malam Sani: Ga shi ana tambayarka, Malam Issufu. Da dakatau da dutsen iyaka, wanne tsohuwa za ta gane a ƙauyenku?

Issufu Damagaram: Dutsen iyaka. Dakatau za ta zaci sunan mutum ne.

Baba Garba: Jirgi ma da farko na ruwa kaɗai aka sani. Da aka ce jirgin sama, wa ya mutu?

Hajara: Baba, Allah ya ƙara girma, daƙiƙa 40 gare ni a wannan sashe, ba zan samu sararin bayyana sabuwar kalma ba. Kuma har yanzu ba wanda ya ce mini komai a kan castle. Fada zan ce?

Malam Sani: Ga irin Windsor, da William ya fara ginawa bayan ya ci Ingila a 1066, kuma sarakuna ke zama a ciki har yau, fada ta yi. Amma da yawansu na hakimai ne, an gina su don yaƙi. Kagara ta fi kusa.

Zainab: Matasa ba su san kagara ba, garin Kagara za su tuna. Fada mai ganuwa.

Hajara: To ga abin da zan karanta: "tsohon dutsen iyaka da ke bakin hurumin farauta na wata fada mai ganuwa". Na gode ƙwarai.

Malam Sani: Ta yi tsawo, kuma ina nan a kan gandu. Amma karanta.

Baba Garba: Ki karanta, 'yata. Ni dai a ajina dakatau zan ci gaba da koyarwa, kuma ban yarda an gama maganar hurumi ba.