Sabo dal ko kwantai? Sharuɗɗan sayar da kayan wasan harbin fenti

Oga Admin: Assalamu alaikum jama'a. Tallan kaya ya yi yawa, kuma kowa "sabo dal" yake rubutawa. Mu tsayar da sharuɗɗa kan sabbin kaya da waɗanda ba a taɓa amfani da su ba, maganar gwanjo sai wani lokaci. Abin da na rubuta zuwa yanzu: farashi a fili, garin da kayan suke, sai hoto da takarda a gefe mai ɗauke da sunan mai kaya da kwanan wata da rubutun hannu. Me za a ƙara?

Bazazzage: Wa alaikumus salam. A hana "biyo ni ta bayan fage mu yi magana". Wanda ya ƙi faɗin farashi a gaban jama'a, fuska yake dubawa.

Injiniya: Oga, a fara raba kalmomi, don a nan rigima take tasowa. Sabo a kwali shi ne wanda ba a yage ledar kamfani ba. Wanda ba a yi amfani da shi ba kuwa an buɗe, an duba, amma ko ƙwallo ɗaya bai bi ta bututunsa ba. Mai cewa "gwaji kawai na yi" gwanjo yake sayarwa, sai dai mai kyau. Bindigar da ta yi aiki ba ta ɓuya: a haska fitilar waya cikin bututu, a duba robobin nan biyu da ke tare ƙwallo, a duba wuyan da hopa, wato mazubin ƙwallaye, take zama. Fenti yana maƙalewa a lungunan nan ko an wanke.

Bakano: Zaren da ake murɗa tulun iska fa? In ya goge ai an ɗaura mata iska.

Injiniya: Wannan ba hujja ba ce, Malam. Kamfani yakan gwada ta da iska kafin ya sa a kwali, ɗan goge da maiko a wurin ba komai ba ne. Fenti ake nema.

Mai Tulu: Ku yi haƙuri zan ɗan ja magana, don tulun iska ne kaɗai abin da zai kasance sabo fil amma ba shi da amfani. Shekarunsa daga ranar ƙira ake ƙirga su, ba ruwansu da ranar da ka saya. Na alminiyam, irin 48/3000 (lambar farko girman tulu, ta biyu matsin iskar da yake ɗauka a ma'aunin psi), an buga masa wata da shekara a kafaɗa kusa da wuya, wurin da aka rubuta DOT-3AL, lambar hukumar sufuri ta Amurka. Na zaren kabon, irin 68/4500, rubutun yana kan takardar da ke ƙarƙashin fentin jikinsa. Yawancinsu duk shekara 5 ake yi musu gwajin matsin ruwa, wasu tsofaffin na kabon ma shekara 3 ne. Na kabon mai lambar DOT kuma in ya cika shekara 15 ya gama aiki, ko ba a taɓa hura masa iska ba. To wanda ya sayar maka da tulun da ya yi shekara 4 a shago, shekara ɗaya ya sayar maka a kuɗin biyar. Sharaɗi: hoton hatimin kwanan ƙira a kusa yadda za a karanta, da hoton agogon regileta, wato na'urar bakin tulu mai daidaita matsin iska, sannan a faɗi ƙarfin da regiletar take fitarwa. Galibi wajen 800 psi ne, akwai masu ƙasa da haka wajen 450 zuwa 550, kuma ba kowace bindiga ce take son kowanne ba. A duba zaren bakin regileta ma, faɗuwa ɗaya daga kan kanta tana lanƙwasa shi, daga nan ya dinga cin robar zobe yana yoyo. Kuma kada wani ya ce zai "gyara" shi kafin ya sayar ya ɗiga mai a bakin da ake cika iska. Mai da iska mai matsi irin wannan wuta suke yi, tulun yana iya fashewa.

Bazazzage: Mai Tulu in ya fara sai an kira sallah.

Mai Tulu: Kai da bindigarka take yoyo tun bara, ai kai ya kamata ka fi kowa saurare.

Mai Fili: Duk tulun da kwanansa ya wuce ba a cika shi a fili, ko na waye. Mai saye ya san da haka tun kafin ya biya.

Hajiyar Garki: Ni abin rufe fuska ne damuwata, ido ba shi da na canji. A sa sharaɗin hoton gilashin a gaban haske, ciki da waje, da alamar ASTM F1776, shaidar ingancin kariyar ido ta wannan wasa, a jiki ko a kwali. Akwai masu kawo na wasan bindigar roba da na babur su ce duk ɗaya ne, alhali ƙwallon fenti yana fita da gudun ƙafa 280 zuwa 300 a daƙiƙa. Gilashi mai ninki biyu, wanda ba ya yin hazo, a duba soson da ya haɗa ninkin, in ya fara sakin jiki tururi zai shiga tsakani kuma ba ya gyaruwa. Soson da ke kwanciya a fuska ma zafin ajiya yana marmashe shi. A danna da yatsa a bidiyo, in bai dawo daidai ba kwantai ne. Wanda ya goge cikin gilashi da ruwan wanke tagogi ko sifirit don ya yi ƙyalli a hoto ya riga ya lalata shi.

Oga Admin: Na rubuta, Hajiya.

Ɗan Sabon Shiga: Yayyena, a abin rufe fuska, Dye i5 da JT Proflex wanne ya fi?

Hajiyar Garki: Wanda ya rufe maka haɓa da kunne. Gwada kafin ka saya, ƙanina, fuska ba ɗaya ba ce.

Mai Fili: Maganar ƙwallaye. Katan guda 2000 ne, leda huɗu ta ɗari biyar-biyar, mai sayarwa ya faɗi ko .68 ne ko .50 don ba sa shiga bindigar juna. "Ba a buɗe ba" ba ya nufin komai a nan, domin ɓawon jelatin ne. Da damina ya sha danshi ya kumbura ya ƙi fashewa a jikin mutum, da hunturu ya bushe ya fashe a cikin bututu, da bazara kuwa in ya kwana a but ɗin mota sai ya lotsa ya manne da juna. Wuri mai sanyi-sanyi yake so, wajen digiri 15 zuwa 21, ana juya katan ɗin lokaci-lokaci don ruwan ciki kada ya kwanta gefe guda. Ko da kyakkyawar ajiya bayan 'yan watanni ya fara canzawa. A wajabta faɗin watan da katan ya iso da inda aka ajiye shi. Mai saye kuma yana da haƙƙin a buɗe leda ɗaya: a ɗebi goma a duba lotsawa, a ga ko akwai maiƙo a cikin ledar, alamar wani ya fashe ke nan, sannan a zura ɗaya a bututu a hura da baki. In ya fita da ɗan busawa ya yi daidai, in ya maƙale ya kumbura.

Bakano: Digiri 21 a Kano a watan Afrilu? Sai dai a kai shi ɗakin amarya mai AC.

Bazazzage: Bakano zai sayar da lotsattsen ya ce sabon samfuri ne.

Bakano: Ku da kuke saye da bashi. Wasan ma asalinsa na masu kiwo ne, da bindigar sa wa shanu da bishiyoyi alama aka fara shi a New Hampshire ta Amurka a 1981. Shi ya sa kullum ake sa maka alama a fili.

Oga Admin: Don Allah mu dawo kan magana.

Injiniya: Abin da ake yawan mantawa a talla shi ne zaren bututu. A cikin bindigogi, Tippmann A-5 da Cronus zarensu ɗaya, Tippmann 98 Custom nata daban, Spyder nata daban, Emek da Etha kuma irin zaren bindigar Autococker suke ɗauka. Mai sayar da bututu ya rubuta zare da faɗin ciki, misali .689, in ba haka ba a cire tallan. A bindiga kuma a faɗi iskar da take ci. Tippmann 98 za ta yi aiki da CO2 ko matsattsiyar iska, amma mai batir irin Etha 2 matsattsiyar iska kaɗai. CO2 yana shiga a ruwa-ruwa ya daskarar da robobi ya kashe solenoid, wato bawul ɗin lantarki mai sakin iska. Sannan a jera abin da ke cikin kwali: littafi, makullan alan-ki, ledar robobin canji, man shafawa, safar rufe bakin bututu. In ɗaya ya ɓace a faɗa. Duk abin da ke cin batir, hopa ko bindiga, a buɗe gidan batir a ɗauki hoto. Batir ɗin da ya kwana shekara a ciki yana zubar da farin gishiri ya cinye ƙarafunan.

Mai Tulu: Robobin zobe ma suna bushewa a ajiya. Bindiga sabuwa ta yi tsiii ranar farko ba lallai ha'inci ba ne, a shafa musu man da littafinta ya ce. Amma wa zai biya kuɗin robobin?

Injiniya: Mai sayarwa, tunda shi ya ce sabuwa ce.

Bakano: A'a. In leda ba a yage ba, ta ina zai sani? Ba ka ɗora wa mutum aibin da bai gani ba.

Hajiyar Garki: To ya faɗi shekarar da ya saya, sauran kuma mai saye ya yi wa kansa lissafi. Ɓoye shekarar shi ne ɓoye aibin.

Ɗan Sabon Shiga: Garanti fa, yana bin kaya?

Injiniya: Kada ka dogara da shi. Kamfanoni da yawa wanda ya fara saye suke sani, kuma sai da rasit. Ka karɓi rasit ɗin, ka duba lambar jikin bindiga ta yi daidai da ta kwali. Kada dai a sa lambar gaba ɗaya a hoton talla, a rufe rabinta, masu damfara suna kwafar hoto.

Mai Fili: Ciniki mafi sauƙi a haɗu a fili. A ɗaura tulu, a saurara minti biyu ko akwai yoyo, a harba goma a kan na'urar auna gudu. In lambobin suna kusa da juna lafiya, in suna tsalle da nisa akwai matsala a regileta ko ƙwallayen. Kuɗi sai mai kaya ya buɗe asusunsa ya ga sun shiga, hoton alat ba kuɗi ba ne.

Bazazzage: In an harba goma ai ta zama gwanjo bisa dokar Injiniya. Idan mai saye ya fasa fa?

Injiniya: Shi ya sa ake kafin alƙalami kafin a yage leda. In ta yi lafiya ya fasa don raɗin kansa, kuɗin ya tafi. In ita ce da matsala a mayar masa.

Mai Tulu: Aike ta tasha: tulu babu iska ko kaɗan, na CO2 musamman, don zafin mota yana ɗaga matsinsa har faifan kariya ya fashe. Ta jirgin sama ma sai an kwance regileta a ga cikinsa. Bindiga kuma a cire bututu, a bar ta a kwalinta da rasit a sama, a gaya wa direba abin da ya ɗauka. Bindigogin nan masu kama da ta gaske kada a naɗe su a buhu, akwai shingaye a hanya.

Oga Admin: Madalla. Saura abu biyu: sau nawa mutum zai maimaita tallansa a mako, kuma masu shago za su dinga sa nasu a nan ko a ware musu rana?

Bakano: A ware musu Juma'a.

Bazazzage: Kai da shagon ka ce Juma'a.

Ɗan Sabon Shiga: Yaya Mai Tulu, in fili 3000 psi kaɗai yake iya cikawa, akwai amfanin sayen tulu mai 4500?

Mai Tulu: Zai ɗauka, sai dai kashi biyu cikin uku za ka samu. Nauyi kawai zai rage maka. Turo min hoton kwanan wanda kake son saye tukuna.