Daddawar jatan lande ta mutanen tsibiri: za ta yiwu da busasshen kirafish?

Uwargida_Birni:
Assalamu alaikum. Akwai wani abin miya na Indonesiya da ake kira terasi, curi ne kamar daddawa, wai da ƙananan jatan lande ake yin sa. Za a iya haɗa shi nan Damagaram da busasshen kirafish ɗin da ake samu a Kasuwar Dole?

Malam_Zango:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Da wuya, sabon kamu aka fi so. Mutanen tsibirin Bangka da Lombok suna yin sa da wani ɗan mitsitsin jatan lande mai suna rebon, tsawonsa santimita 2 zuwa 3. A wanke, a tsane, a cuɗa da gishiri, kilo 1 zuwa 2 ga kowane kilo 10. A shanya kwana ɗaya ko biyu ya sha iska, amma kar ya bushe ƙayau. Sai a daka a turmi, a danne a rufe ya ruɓa, a sake shanyawa, a sake kirɓawa. Ana maimaita haka na wasu makonni kafin a cura. Gishiri ya yi kaɗan, ya lalace ya yi zarni, ƙuda ya zuba masa tsutsa. Ya yi yawa kuma, ruɓar ba ta kamawa, ƙamshi ba ya fita. Kirafish ɗinmu ya riga ya sha rana ko hayaƙi, in kin jiƙa shi zai iya yin tsami da fumfuna.

Inna_Mai_Daddawa:
Gaskiyar Malam. In kin samu na saye, ƴata, kar ki jefa shi ɗanye a miya, ƙarni zai gallabi gidan. Ki yanki kamar ƙwayar gujiya biyu, ki gasa bisa garwashi minti 2 ko 3 har ya yi garas-garas, ki daka da tattasai, tumatur da albasa. Wannan ya ishi tukunyar mutum shida, ya fi daddawar kalwa ƙarfi nesa. Ki rage gishiri da magi. Sauran a kwalba mai murfi, in ba haka ba duk abin da ke firigo sai ya ɗauki warinsa.

Ɗan_Sabongari:
Ƙari kaɗan, Inna. Wanda ya yi ja jawur a guje shi, wasu na zuba rini. Na ƙwarai ruwan ƙasa ne mai duhu. A mazhabar Malikiyya abin teku halal ne. Amma wanda jatan lande ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi kar ya taɓa, gasawa ba ta kashe wannan.