In tafi karo karatu ko in zauna kusa da oga?

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai, don Allah shawara nake nema. Shekarata 16 ina koyar da lissafi a makarantar kwana ta gwamnati, bana aka ba ni mataimakin firinsifal, ga shi oga zai yi ritaya nan da shekara biyu. Ni fa allo da alli na sani. Ranar da ɗan kwangila ya sauke mana buhunan wake duk ƙwari aka miƙo min biro in sa hannu, wallahi rasa ta cewa na yi, ban ma san wace takarda ake rubutawa a mayar da kaya ba. Yanzu an ce in nemi hutun karatu da albashi in yi mastas a fannin gudanar da makarantu, amma sai na sa hannu zan dawo in yi musu aiki, ni kuma tsorona kar in tafi kujerar ta wuce ni.

Tsohon firinsifal: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tafi, kujera ta Allah ce. BUK da ABU Zariya duk suna yin wannan kwas ɗin. Mu haka aka jefa mu ofis ba horo ba komai, sai da odita ya zo ya buɗe littafin kuɗi sannan na gane kurena, na kwana uku ina neman rasit. Amma ka karanta yarjejeniyar nan da kyau kafin ka sa hannu, shekara nawa za ka yi musu, kuma kar ka motsa sai takardar amincewa ta zo hannunka, maganar baki ba ta hana a tsayar da albashi.

Wata malama: Baba ka yi haƙuri ni ban goyi baya ba. Malam ga makaranta nan a gabanka, shekara biyun nan ka liƙe wa oga, ka ga yadda ake rajistar WAEC da NECO, da zaman PTA, da yadda ake lallaɓa iyaye in yaro ya yi laifi, mastas ɗin ka yi na ƙarshen mako. Sannan akwai cibiyar NIEPA a garin Ondo, ta gwamnatin tarayya ce, aikinta kenan horar da shugabannin makarantu kuma kwas ɗinsu gajere ne, ka bi ta ma'aikatarku a sa sunanka.

Wani malami: Kar wani ya ruɗe ka da tallafin karo karatu na asusun TETFund, na malaman makarantun gaba da sakandare ne. Bitar da UBEC, hukumar ilimin matakin farko ta tarayya, ke ɗaukar nauyi kuma ta hannun SUBEB, takwararta ta jiha, take zuwa, 'yan firamare da ƙaramar sakandare ake kira. Ka dai tabbatar rajistarka ta TRCN, hukumar rajistar malamai, na nan daram.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya na ƙarshen makon nan fa da aljihuna zan biya ko? Don yara biyar gare ni, ga kuɗin haya a watan gobe.