Wace kalmar Turanci zan sa wa wayar da gilashinta ya tsage?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum. Zan sayar da wayata Samsung in cika kuɗin makarantar yara kafin Litinin. Gilashin ya tsage daga kusurwar sama har wajen kyamara, kana ɗauka za ka gani, amma tana aiki lafiya lau. Da Turanci zan rubuta tallar saboda masu saye daga Kudu. Ƙanena ya ce in sa "minor crack", ni kuma hankalina bai kwanta ba. Me ya dace?

Malam Ticha: Wa alaikumus salam Hajiya. "Minor" na nufin ƙaramin abu wanda ba zai dami kowa ba. "Hairline crack" kuwa tsaga ce siririya kamar silin gashi, sai an karkata wayar a haske ake ganinta. Taki tunda a fili take, "visible crack" za ki rubuta. Kada ki sa "glaring", ita da kuskuren rubutu ko na lissafi take tafiya. "Glaring error" shi ne kuskuren da ke kashe ido.

Ɗan Farm Centre: Hajiya ki canza gilashin kawai. Dubu 15 ya isa.

Baban Sadiq: Wane dubu 15? Watan jiya dubu 48 aka caje ni a Kaduna.

Ɗan Farm Centre: Kai sikirin gaba ɗaya aka canza maka. Ita gilashin sama ne.

Auwal Zariya: Ni duk tallar da na ga an rubuta "neatly used", wato na hannu ne amma tsaf yake, gabana faɗuwa yake. Bara na sayi kwamfuta daga wani a Legas, ya rubuta "UK used, slight scratch, nothing to fix". Kuɗin da na tara wata bakwai na tura masa. Da na buɗe kwalin a tasha, gefen murfin a fashe yake, an liƙe da baƙin salatif, maɓalli biyu babu. Na kira shi, ya ce ai ya rubuta "sold as is" a ƙasan tallar. Wallahi ban san ma'anarta ba sai ranar: yadda ka gan ta haka ka saya, babu mayarwa. Da kwamfutar zan rubuta aikina na kammala digiri. Mahaifiyata ce ta sayar da tunkiyarta aka gyara, har yau abin yana ci mini rai.

Maman Twins: Allah ya mayar maka da alheri. Haka aka yi wa maigidana da mota, "small dent", ashe ƙofa guda ce a lotse.

Ɗan Farm Centre: Malam, Turancin aji daban, na kasuwa daban. Shekarata 12 a shago. Ka sa "visible crack" ba wanda zai kira ka.

Malam Ticha: To a boye aibi kenan? Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Canza harshe ba ya canza hukunci.

Ɗan Farm Centre: Ban ce a boye ba Malam. A sa hoto, gani ya kori ji.

Sani Bariki: Ni ma "fairly used" ne, ina neman mata, "nothing to fix".

Ummu Hanifa: Don Allah, in gyara ne ko in sayar haka?

Auwal Zariya: Ko me za ki yi, in za ki aika wa mai saye, kada ki ba direba waya sai kin ɗauki bidiyonta a gabansa. In ta fashe a hanya cewa zai yi haka aka ba shi.

Baban Sadiq: Wannan ita ce babbar matsalar. Saƙona ya kwana uku a tasha, da na je karɓa yaron mota ya ce sai na ƙara dubu biyu kuɗin ajiya. Akwai wanda ya san direban kirki a layin Kano zuwa Abuja?