Wane biki zan je in gano kafin mu shirya namu?

Baban Khalifa: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙungiyar matasan unguwarmu sun ɗora min aikin shirya ranar fasaha da al'adu, wasan kwaikwayo na yara, karatun waƙe, zane-zane, sai masu sana'ar hannu su baje kolin kayansu. Ina so in leƙa wani biki ɗaya ko biyu in ga yadda ake yi kafin mu sa hannu. Wanne za ku ce in je?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Allah ya taimaka, wannan aiki ne mai kyau wallahi

Malam Habu: Argungu mana, har sai an tambaya? Tun 1934 ake yinsa, an fara shi ne don tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, ka ga ke nan tun asali bikin haɗa kan mutane ne. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Ka tsaya bakin kogin Matan Fada ka ga dubban mutane sun faɗa ruwa lokaci guda da homa da gora, ba za ka manta ba

Ɗan Auta: Malam ai kamun kifi ne wannan, shi fasaha yake tambaya

Malam Habu: Kai yaro wa ya ce maka kamun kifi kaɗai ake yi? Kabanci fa, wato wasannin ruwa, da kokawa, da makaɗan da ke bin masunta cikin kwalekwale? Ka je tukun sannan ka zo mu yi musu

Maman Ilham: Baban Khalifa bari in faɗa maka abin da ya same mu bara, don ni abin har yau yana cina. Makarantar yarana aka gayyata wani bikin al'adu, ba zan kama sunan waɗanda suka shirya ba. Wata biyu cur yaran nan suna atisaye, kullum bayan la'asar, ni na ɗinka wa Ilham kayan wasan da hannuna saboda ita za ta fito a matsayin tsohuwa mai tatsuniya, har hoda muka shafa mata a gira don ta yi furfura. A takardar gayyata an rubuta ƙarfe goma. Muka isa tara da rabi. Kanofi biyu ne kacal kuma duk an jera kujerun manyan baƙi a ƙarƙashi babu kowa a kai, yara kuwa aka tsayar da su a layi cikin rana wai kada su ɓata jerin. Babban baƙo bai iso ba sai wajen ƙarfe ɗaya, daga nan aka shiga jawabi, shugaban taro, uban taro, uwar taro, wakilin wane, wakilin wakilin wane, kowa ya karɓi makirfo sai ya gaida duk wanda ke zaune da sunansa da muƙaminsa ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka janareta ya ɗauke, babu mai a ajiye, aka tura yaro da jarka. Da wuta ta dawo babban baƙo ya ce yana da wani taron, ya tashi, rabin mutane suka bi shi, mai gabatarwa ya ce saboda ƙurewar lokaci makarantu biyu kawai za su yi wasa. Namu ba sa ciki. Ilham ta zauna a kan dutse hodar tana bin gumi tana gangarowa fuskarta, ba ta yi kuka ba, sai da muka shiga gida ta ce Mama to tatsuniyar wa zan yi wa? Wata baiwar Allah mai saƙa da ta ɗauko kayanta tun daga nesa an ajiye ta can bayan motoci inda ba mai wucewa, ta tattara ta tafi ko kallon kirki ba a yi wa kayan ba. Don girman Allah in za ku yi, yara da masu sana'ar su fara, jawabi ya zo daga baya in ma dole ne, kuma inuwar a ba su ita

Anti Bilki: Innalillahi, Allah sarki Ilham. Ki ce ta yo mana tatsuniyar a murya ki turo nan za mu saurara

Ɗan Auta: Wakilin wakilin wane 😂😂 Maman Ilham kin gama da su

Baban Khalifa: Subhanallah. Na rubuta wannan a sama, yara farko. Na gode Hajiya

Yaya Murja: In na littafi da waƙe kake nema ka bibiyi KABAFEST na Kaduna, an fara shi 2017, sai HIBAF wanda shi kan adabin Hausa ya fi karkata, an fara 2021 a Kaduna shi ma. Abin da za ka koya a irin waɗannan shi ne tsarin zama, kowane zama da lokacinsa da wanda ke jan ragamarsa, marubuci ya yi magana sannan a ba masu sauraro dama su yi tambaya. Ka nemi shafukansu a Facebook ka ga ranar bana kafin ka yi shirin tafiya

Na Damagaram: Ku kullum Najeriya Najeriya. Ku ƙetaro Nijar ku ga kokawar takobi ta ƙasa, tun 1975 ake yi, jihohi takwas kowace da 'yan kokawarta kuma duk shekara gari daban ke karɓar baƙi. Kirari da kiɗan da ake yi kafin a kama ai shi kansa wasa ne cikakke

Malam Habu: To Ɗan Auta zai ce maka wannan ma wasan motsa jiki ne ba fasaha ba

Ɗan Auta: Malam na tuba a yi haƙuri

Injiniya: Ni shawarata ta ɗan bambanta. Waɗannan manyan bukukuwan akwai sarauta ko gwamnati a bayansu, kai kuwa ƙungiyar unguwa ce da karo-karo, in ka je hawan Sallar Kano ka ga Hawan Daushe za ka sha kallo amma ba abin da za ka iya kwafa ka kawo layinku. Ka duba waɗanda suka faro daga ƙasa. A birnin Edinburgh na Scotland a 1947 an shirya babban biki na waɗanda aka gayyata, sai wasu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo takwas da ba a gayyace su ba suka zo suka nemi ƙananan ɗakuna a gefe suka yi nasu, wannan na gefen shi ne Fringe da ake yi duk watan Agusta, yanzu yana cikin mafi girma a duniya kuma har yau ba wani kwamiti da ke tace wanda zai yi wasa. A Faransa kuma tun 1982 duk 21 ga Yuni ranar kiɗa ce, kowa ya fito titi ko dandali da abin kiɗansa, ƙwararre da ɗan koyo, kallo kyauta. Abin da nake so ka ɗauka shi ne rana ɗaya tsayayya da kowa ya sani duk shekara, da ƙofa a buɗe ga duk mai abin nunawa. Ko mutum hamsin suka zo bana ba komai, badi za su zo da 'yan uwansu

Yaya Murja: Ƙofa a buɗe kuma? Injiniya in ba a tace ba wani zai hau ya yi abin da iyaye za su kwashe 'ya'yansu su tafi, shikenan an kashe bikin tun ranar farko. Dole a ga wasan kowa kafin ranar

Injiniya: A gani don tarbiyya na yarda, amma kar ya koma sai ɗan wane da ƙanin shugaba

Anti Bilki: Ku sa mata cikin kwamitin don Allah, ba sai ranar ta zo a ce mu kawo tabarmi ba. Kuma a tanadi ruwan sha da banɗaki da wurin sallah, waɗannan ukun su ke korar iyaye mata daga taro

Na Damagaram: FESPACO ma akwai a Wagadugu in fim ne, tun 1969, duk bayan shekara biyu

Ɗan Auta: Mutum zai yi taro a filin firamare kuna tura shi Burkina Faso

Malam Habu: Injiniya ban yarda babu abin koyo a hawan Sallah ba. Ka san wata nawa ake gyaran kayan doki, su masu ɗinkin sirdi da lifidi da masu algaita da kakaki duk a nan sana'arsu ke rayuwa, shi ya sa UNESCO ta karɓi hawan Kano a Disambar 2024. Argungu ma da aka yi kusan shekara goma ba a yi ba sai 2020 aka dawo, ka tambayi masu saƙa homa me suka gani a tsakani. Baban Khalifa ka zaga unguwarku gida-gida, na rantse akwai tsohon maƙeri ko badukun da yaran layin ba su taɓa ganin yana aiki ba, ka ba shi wuri a tsakiyar fili ya hura zuga-zugi a gabansu

Baban Khalifa: Malam kamar ka sani, akwai wani dattijo mai sassaƙa a bayan layinmu, gobe in sha Allahu zan je in gaishe shi in ji ko zai yarda

Maman Ilham: In kun tsayar da rana ka faɗa min da wuri, kayan tsohuwar suna nan cikin akwati ban taɓa su ba

Baban Khalifa: Ita za ta buɗe taron Hajiya, ki faɗa mata

Yaya Murja: To wai a ƙarshe wanne zai je ɗin?

Na Damagaram: Kokawa

Malam Habu: Argungu

Injiniya: Wa ke da lambar mai hayar lasifika wanda ke zuwa da janaretansa? A tura wa Baban Khalifa ta gefe